Ƙoda da Aikinta na Tace Jini: Jawabi ga Ɗalibai da Matasan Ma'aikata na Birnin Zariya



Kowa a cikinmu ya san garwar da masu ga-ruwa suke yawo da ita daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana, wadda take cin lita 18. To, ƙodojin baligi guda biyu suna tace ruwa daga jininsa kimanin lita 180 kowace rana, watau garwa goma. Amma fitsarin da yake fitarwa bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Ina sauran ya tafi? Amsar wannan tambaya ita ce maƙasudin jawabinmu.

A cikin kowace ƙoda akwai 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda masana suke kira nefuron. Kowanne yana farawa da dunƙulen siraran jijiyoyin jini a cikin wani ɗan ƙoƙo. Malpighi na ƙasar Italiya ya hango dunƙulen a 1666, Bowman na Ingila kuwa ya bayyana ƙoƙon a 1842. Ƙarfin bugun zuciya shi yake tura ruwan jini ya ratsa bangon jijiyoyin, kamar yadda iyayenmu mata suke tace gasara. Ruwa da gishiri da sukari da dattin jiki su wuce, ƙwayoyin jini da furotin su tsaya.

Sai dai matacin ba ya bambanta mai amfani da marar amfani. Gishirin da yake ratsa shi a yini ɗaya ya fi kilo guda. Saboda haka tataccen ruwan yakan bi ta wani siririn bututu, inda jiki yake karɓe kayansa. Gishiri in ya narke yakan rabu gida biyu, sodiyam da kulorayid, kowanne ɗauke da cajin lantarki. A bangon bututun akwai wani ɗan famfo mai fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, wanda Jens Skou na Denmak ya gano a 1957. Da ƙarfin wannan famfo ake mayar da sodiyam cikin jini, ruwa kuma ya bi shi. A farkon bututun kaɗai ake karɓe kusan kashi biyu cikin uku na ruwa da gishiri, da sukari baki ɗaya.

Daga nan bututun ya nutsa cikin ƙoda ya juyo, lanƙwasar da Henle na Jamus ya bayyana a 1862. Ɓangaren da yake hawa yana zubar da gishiri amma yana hana ruwa fita, har tsakiyar ƙoda ta yi gishiri ƙwarai. In bazara ta tsananta, ko mutum yana azumi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari da yake buɗe ƙofofin ruwa a bututun ƙarshe, gishirin nan ya janyo ruwan ya koma jiki. Dalili ke nan da fitsari yake raguwa ya yi ja lokacin zafi.

Jama'a, abin lura shi ne nefuron in ya mutu ba ya sake tsirowa, kuma ƙoda takan yi asarar da yawa kafin mai ita ya ji ciwo. Manyan abokan gabanta su ne hawan jini da ciwon sukari, sai yawan shan ƙwayoyin kashe ciwo da jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba. In ta gaza, sai wankin ƙoda da na'ura sau biyu ko uku a mako, ko dashe, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yi a 2002. Duka biyun sun fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci.

Rigakafi kuwa ba shi da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi yake ci a yini ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali guda, har da na dunƙulen miya. Mu sha ruwa isasshe. Mu je awon jini da na fitsari ko da sau ɗaya a shekara, ko a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko a Asibitin Koyarwa da ke Shika. Kumburin ƙafa ko fuska, da kumfa ko jini a fitsari, ba abin jira ba ne.

Mu da muka sami ilmi, haƙƙi ne a kanmu mu kai wannan bayani zaurukan gidajenmu, mu kuma raka iyayenmu awo. Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan.