Awo Da Wuta: Lacca Kan Gashin Kek A Gida



Mai yiwuwa waɗansu su yi mamakin jin maganar kek a zauren da aka saba da muhawarar siyasa da tattalin arziki. Dalilinmu kuwa shi ne, yawancinmu nan da ɗan lokaci za mu kama gidan kanmu da albashin da sai an yi masa dabara yake kai ƙarshen wata. Ga suna, ga biki, ga walimar sauka ko ta kammala karatu, kowanne kuma a yau ana son a ga kek a faranti. Wanda bai iya ba sai ya saya da tsada. Wanda kuma ya gwada da ka, sai ya yi asarar ƙwai da bota da sukari, ya fito da abin da ko almajiri sai ya duba sau biyu kafin ya karɓa, daga nan ya yanke hukunci cewa sai mai tandar lantarki ke iyawa. Wannan hukunci ne muke so mu rushe yau. Abu biyu kek yake nema, awo daidai da wuta daidai, kuma dukansu suna samuwa a ɗakin ɗalibi a Samaru.

Bari mu fara da kayan haɗi, gama muna zaune a inda ake nazarinsu. Tun 1922 ake binciken amfanin gona a Samaru, a wurin da ya zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Gaba kaɗan a kan hanyar Funtuwa ga Shika, inda aka kafa gonar dabbobi a 1928, wadda ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa. A nan ne aka samar da kazar ƙwan nan da ake kira Shika Brown, mai jure zafin ƙasarmu. Abin kunya ne a ce mu da muke auna sinadari har ɗigo a ɗakin gwaji, in mun shiga madafa sai mu koma “zuba ka gani”.

Kek mafi sauƙi ga mai koyo shi ne wanda Turawan Ingila suka daɗe suna yi da abubuwa huɗu masu nauyi ɗaya: ƙwai, bota, sukari da fulawa. In akwai sikeli, a ɗauki ƙwai 4, da giram 200 na kowane ɗaya daga sauran ukun, da bekin hoda ƙaramin cokali 2, da ɗan gishiri. In babu sikeli, ƙwan da kansa shi ne dutsen awo. A sami sanda madaidaiciya, a ɗaura igiya a tsakiyarta, a rataya kwano biyu iri ɗaya a bakinta biyu, a tabbata sun daidaita. A sa ƙwai huɗun a ɗaya, a yi ta zuba fulawa a ɗayan har sandar ta miƙe. Haka za a yi wa sukari, haka bota. Amfanin wannan dabara shi ne, ko ƙwan gidan gona ne manya, ko na kazar Hausa ƙanana, ko na zabi da ke cika kasuwa da damina, lissafin ba ya ɓaci, domin komai yana bin nauyin ƙwan. Awo da gwangwanin madara yana ruɗi, gama gwangwani ɗaya na sukari ya fi gwangwani ɗaya na fulawa nauyi nesa ba kusa ba.

Kafin a haɗa komai, a jarraba abu biyu. A sa ƙwai cikin ruwa: wanda ya nutse ya kwanta sabo ne, wanda ya taso sama a jefar da shi. Duk da haka a riƙa fasa kowane ƙwai a kofi dabam, don kada baragurbi ɗaya ya ɓata sauran. Sa'an nan a zuba rabin cokali na bekin hoda a ruwan zafi. In ta yi kumfa nan take tana da rai, in ta yi shiru ta mutu, kuma sau da yawa laimar damina ce ke kashe ta. Wani mai haɗa magunguna a Ingila, Alfred Bird, shi ya ƙago wannan hoda a 1843, saboda yis ba ya karɓar matarsa. Aikinta shi ne, in ta sami laima da zafi, sai ta saki irin iskar nan da ke tasowa in an buɗe lemon kwalba. Iyayenmu sun san irin wannan aiki tun da daɗewa, domin shi kanwa take yi in ta haɗu da tsamin ƙullin waina.

To, ga yadda ake haɗi. Da farko a buga bota da sukari da muciya ko cokalin katako har launinsu ya yi fari, su yi sakayau, watau wajen minti 10 in da hannu ne. Nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Ƙwayoyin sukari suna huda botan suna cusa masa ƙananan kumfa na iska, kuma waɗannan kumfa ne hoda za ta hura su kumbura a cikin wuta. Botan ya zama mai laushi, yadda yatsa zai shiga ba wahala, amma kada ya narke ya zama ruwa. Yanayin Zariya yana da hannu a nan. Da hunturu, a Disamba da Janairu, bota yakan daskare, sai a ajiye kwanon cikin ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci. Da bazara kuwa, a Maris da Afrilu, yakan narke tun ba a taɓa shi ba, saboda haka gara a yi aikin da sassafe.

Na biyu, a zuba ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ana bugawa sosai tsakanin kowanne. In haɗin ya soma tsinkewa kamar nonon da ya yi tsami, a barbaɗa cokali ɗaya na fulawa, zai koma. Na uku, a tankaɗe fulawa da hoda da gishiri tare a rariya, a zuba kashi uku, ana juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama, a tsaya da zarar farin gari ya ɓace. Dalili kuwa, alkama tana da wani danƙo da ke ƙaruwa in an jiƙa ta an yi ta murzawa. Wannan danƙo ne ake nema a burodi da gurasa da taliya, amma a kek shi ke kawo tauri. Watau bota da sukari suna son ƙarfi, fulawa tana son lallashi. In ƙullin ya yi kauri har ba ya faɗowa daga cokali, a ƙara madara cokali 1 ko 2.

Saura wuta. Mai tandar gas ko ta lantarki ya kunna ta minti 15 kafin lokaci, ya tsayar da ita a digiri 180. Wanda ba shi da ita, ko wanda ba ya son wutar lantarki ta yanke masa aiki a tsakiya, ya nemi babbar tukunya mai kauri da murfi mai rufuwa sosai, irin wadda ake samu a kasuwar Sabon Gari. A zuba yashi mai tsabta, busasshe, zurfin yatsa biyu ko uku a gindinta, a ɗora duwatsu uku ko ƙarfen girki a kai, domin gwangwanin kek ya zauna a sama ba ya taɓa yashin. A rufe, a ɗora a kan risho ko gas ko garwashi na minti 15. Yashi yana shan zafi ya raba shi daidai, shi ne ke hana gindin kek ƙonewa. Don sanin ko zafin ya kai, a barbaɗa ɗan gari a murfin gwangwani a sa a ciki. In ya yi ja-ja cikin minti 5, wuta ta yi daidai; in ya yi baƙi cikin minti 2, a rage.

A shafa bota a gwangwanin gashi mai faɗin kamar santimita 20, a barbaɗa masa fulawa, a zuba ƙulli kada ya wuce kashi biyu cikin uku. A sa nan da nan, domin hoda ta riga ta fara aiki. A rufe, a rage wuta, kuma kada a buɗe sai bayan minti 30. Mai gawayi yana iya ɗora 'yan garwashi a kan murfi don saman ya yi ja. Tsakanin minti 40 zuwa 50 a soka tsinke mai tsabta a tsakiya, in ya fito ba ƙulli, ya gasu. A bar shi minti 10 kafin a juye, ya huce sarai kafin a yanka. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

In aka sami matsala, kek ɗin da kansa zai faɗi laifin. Wanda ya lotsa a tsakiya, an buɗe murfi da wuri ne ko hoda ta yi yawa. Wanda ya tsage a sama alhali cikinsa ɗanye, wuta ta yi yawa. Wanda ya ƙone a gindi, yashi ya yi kaɗan. Wanda ya yi nauyi kamar tubali, an cika juya fulawa ko hodar ta mutu. Muna ba da shawara kowa ya ajiye ɗan littafi yana rubuta awo da lokaci, ya canza abu ɗaya kaɗai a kowane gwaji, kamar yadda aka koya mana a ɗakin kimiyya.

Akwai magana ɗaya ta ƙarshe game da fulawa. Hausawa sun daɗe suna noman alkama da rani a fadamu, suna yin alkaki da funkaso, ana kuma noma ta a wuraren ban ruwa irin su Kadawa a Jihar Kano. Amma mafi yawan fulawar da ke kasuwanninmu daga alkamar ƙasashen waje ake niƙa ta. Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, wanda ya koyar a wannan jami'a, sun rubuta littafi sukutum a kan wannan tarko a 1985. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, burodi ya yi tsada, bayan 'yan shekaru aka ɗage hanin. Kek yana da sauƙi a nan fiye da burodi, domin ƙwai ne ke riƙe jikinsa, ba ya bukatar danƙo da yawa. Wanda hannunsa ya faɗa yana iya cire kashi ɗaya cikin biyar na fulawa, ya maye shi da garin farar dawa ko na masara mai laushi ƙwarai, ya ga yadda zai fito. Ƙwan Shika da dawar Samaru a gwangwani ɗaya, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka muna roƙon kowa ya gwada a wannan mako, da ƙwai biyu kawai da rabin sauran kayan, a ƙaramin gwangwani, don ko an yi asara ta zo da sauƙi.  Allah ya sa albarka a abin da muke ci, ya ba mu sa'a. Wassalam.