Ciyar da Yaro Mai Shanyewar Jiki: Jawabi ga Iyaye da Masu Reno

 Mun gode da kuka bar aikin gona da na gida kuka zo. Yau za mu yi magana a kan yaran da ba a cika fitowa da su taro irin wannan ba. Kusan kowane ƙauye akwai su: yaro ya shekara biyu ko uku wuyansa bai tsaya ba, ba ya iya zama, hannuwa da ƙafafu sun sandare ko sun saki, yawu yana zuba. Waɗansu suna ce masa ɗan ruwa, waɗansu su ce maita ce, waɗansu kuma su ɗora wa uwa laifi. Duk ba haka ba ne.

Likitoci suna kiran wannan lalura sarebiral falsi. Rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko yana jariri. A ƙasashenmu abubuwan da suka fi kawo shi su ne doguwar naƙuda har jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, haihuwar bakwaini, shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ba shan-inna ba ne, ba a kuma ɗaukarsa. Raunin ba ya warkewa, amma ba ya ƙaruwa. To, in ba ya ƙaruwa, me ya sa yaran nan suke ta ramewa? Sau da yawa amsar ita ce yunwa, ko da akwai hatsi a rumbu.

Ga yadda abin yake. Raunin da ya hana ƙafa takawa, shi ne yake hana leɓe da harshe da maƙogwaro yin aikinsu. Abinci yana zubewa daga baki. Wanda aka haɗiye, wani lokaci yakan bi hanyar numfashi ya shiga huhu, ya kawo tari da ciwon limoniya. Wani kuma yakan dawo daga ciki ya zama amai. Uwa ta gaji, yaro ya gaji, abin da ya kai ciki bai taka kara ya karya ba.

Masu bincike sun auna wannan. A shekara ta 2000 aka buga binciken da aka yi a yankin Oksfod na ƙasar Ingila, a kan yara masu raunin ƙwaƙwalwa da ke fama da cin abinci. Kashi 89 cikin 100 suna buƙatar taimako wajen cin abinci, kashi 56 suna ƙwarewa, kashi 28 kuma ciyar da su yana cin awa 3 a rana. A Kalifoniya ta Amurka aka duba nauyin yara sama da 25,000 masu wannan lalura, aka buga sakamakon a 2011. An ga cewa waɗanda suka fi ramewa a cikin masu irin larurarsu sun fi fama da cututtuka, sun kuma fi shiga haɗarin mutuwa. A nan kusa, a ƙasar Gana, binciken da aka buga a 2018 ya sami kusan kashi biyu cikin uku na 'yan ƙasa da shekara 5 nauyinsu bai kai ba.

Amma akwai labari mai daɗi. A birnin Daka na Bangaladash an koya wa iyaye matalauta yadda za su zaunar da yaro, da irin abincin da za su ba shi. Ba a yi amfani da wata na'ura mai tsada ba. Rahoton 2012 ya nuna ciwon ƙirji ya ragu, yaran sun fi yarda da abinci, hankalin iyayen kuma ya fi kwanciya. Abubuwan nan su ne muka kawo muku.

Na ɗaya, zama. Kada a ciyar da yaro a kwance. A zaunar da shi a cinya ko a kusurwar ɗaki, a tokare shi da matashi ko zane naɗaɗɗe. Bayansa ya miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuyo. Ku gwada shan ruwa kanku a ɗage sama, za ku ji abin da yake ji. Bayan ya ci, a bar shi a zaune kamar minti 30.

Na biyu, a daina ɗura. Mun san iyayenmu sun yi ta da kyakkyawar niyya. Amma toshe wa yaron nan hanci a ɗura masa koko, tura masa koko ne cikin huhu. A yi amfani da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. In ya fara tari, ko idonsa ya kawo ruwa, ko muryarsa ta yi kamar mai kurkure maƙogwaro, a dakata.

Na uku, kauri. Koko mai ruwa-ruwa ya fi saurin ƙware yaro, ga shi yana cika ciki ba amfani. A dama kunu mai kauri, sumul, ba gudaji, wanda zai zauna a cokali. A murƙushe dankali, kabewa, ayaba ko wake su yi laushi. Ruwan sha kuwa dole ne. A ba shi kurɓi-kurɓi a zaune, gama rashinsa yana ƙara taurin bayan gida.

Na huɗu, kowane cokali ya zama mai amfani. Tun da abin da zai iya ci kaɗan ne, a zuba cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja a kwanonsa. A haɗa garin gero ko masara da na waken soya da gyaɗa, a soya kafin a niƙa. A ƙara ƙwai, madara, dakakken busasshen kifi da garin zogale gwargwadon hali. Gara a ba shi sau 5 ko 6 a rana, kowane zama kada ya wuce minti 30, da a yi zama biyu masu gajiyarwa.

Na biyar, awo. Ido yakan saba da ramar yaro, amma ma'auni ba ya sabawa. A kai shi awo kowane wata. In ba ya tsayuwa, a auna uwa tana riƙe da shi, a auna ta ita kaɗai, a cire. Ga yaro mai wata 6 zuwa shekara 5, ma'aikatan lafiya suna auna damtse da tef mai launi. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu suka kumbura, tamowa ce mai tsanani. A kai shi asibiti ba jinkiri. Haka kuma in numfashi ya yi sauri tare da zazzaɓi.

Za mu faɗa muku gaskiya guda ɗaya. A Gana, bayan an yi kusan shekara ana koyar da iyaye, saninsu ya ƙaru, zukatansu sun yi sanyi, amma ramar yaran ba ta ragu yadda aka so ba. Uwar da take goye da yaro dare da rana ba ta iya zuwa gona ko kasuwa. Da me za ta sayi ƙwai? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maza, ku koyi ciyar da ɗanku, ku ware masa mudun gyaɗa da na waken soya lokacin kaka. Kakanni da maƙwabta, ku karɓi uwar nan zama ɗaya a rana ta huta. Matan zumunta, ku san gidajen da ke da irin yaran nan, ku riƙa leƙa su.

Kafin mu tashi, za mu dama kunun nan a gabanku, mu kuma nuna yadda ake zaman. Duk wadda ta zo da ɗanta, ta matso gaba ba kunya.