Jirgin Katakon da Ya Tashi Sau Ɗaya

Akwai wani jirgin sama da tun da aka ƙera shi sau ɗaya tak ya taɓa tashi. Sunansa Hughes H-4 Hercules, na attajirin Amurka Howard Hughes. Da katako aka yi shi, domin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta taƙaita amfani da alminiyam. Injinansa takwas, faɗin fukafukansa ya haura mita 97. Ranar 2 ga Nuwamba 1947 ya ɗaga daga kan ruwa a Long Beach, ya yi tafiyar kusan mil ɗaya, ya sauka, shi ke nan. Yanzu yana gidan tarihi a jihar Oregon.

A 2022 aka saka shi cikin manhajar koyon tuƙin jirgi ta Microsoft Flight Simulator, to ga shi yau kowa na iya hawa kujerar Hughes daga ɗakinsa. Sai dai jirgin ba na mai gaggawa ba ne. Ka tura masa wuta, ya yi ta jan ciki a kan ruwa kamar ba zai rabu da shi ba. Ka karkata sitiyari, sai ya ga dama ya juya.

Amma fa a yi hattara. Jirgin gaske da ya tashi bai wuce kimanin mita 21 sama da ruwa ba, don haka duk abin da ya yi maka a cikin gajimare lissafin injiniyoyin manhaja ne, ba tarihi ba. Duk da haka, mai kwamfuta da haƙuri ya gwada shi.