Zaɓen Kwas A Digiri Na Biyu, Da Batun Ajiye Kyanwa



Lokacin da Sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa an ba ni minti 20 in yi wa ƙannenmu da suka gama jami'a bayani game da karatun digiri na biyu, sai da na sake duba sunan da ke jikin ambulan, don na zaci takardar ɓatan kai ta yi. A zauren nan akwai masu digirin digirgir, akwai farfesoshi har biyu, ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne kawai a mataki na 12, wanda karatun da aka ce na shekara biyu ne ya ci masa shekara huɗu, bayan ya riga ya zubar da wasu biyun a kwas ɗin da bai kai shi inda yake so ba. Da na kai masa wannan ƙorafi sai ya ce ai dalilin zaɓena ke nan. To na karɓa, amma da sharaɗin za a bar ni in sako maganar kyanwata, domin da ita aka yi rabin wannan tafiya.

Na gama yi wa ƙasa hidima a 2013, na samu aiki a shekarar da ta biyo baya. A ofishinmu a lokacin kowa ka taɓa sai ya ce maka yana yin mastas na ƙarshen mako. Ranar Juma'a da la'asar ka ga an cika mota an nufi jami'a, ranar Litinin a dawo ana labarin lacca. Ni ma a 2016 na sayi fom na MPA, ban tambayi kowa ba, ban ma tambayi kaina abin da nake nema da shi ba. Na dai ga ana yi. Na gama lafiya lau, na karɓi takardata, sannan na je neman gurbin digiri na uku a fannin tattalin arziki, wanda shi na karanta tun farko kuma shi ne a raina. Jami'in da ya karɓi takarduna bai yi minti biyu yana dubawa ba ya turo mini su, ya ce, "Malam, wannan ai ba na bincike ba ne."

Ƙannena, wannan shi ne abu na farko da nake so ku fita da shi daga zauren nan. Digiri na biyu iri biyu ne a jami'o'inmu. Akwai na ƙwarewar aiki, irin su MBA da MPA, wanda aka tsara don ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya ƙara gogewa a kan abin da yake yi. Akwai kuma na bincike, wato M.Sc. ko M.A., wanda ake rufe shi da kundin bincike a kare shi a gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Yawancin jami'o'inmu wannan na biyun suke nema kafin su ɗauki mutum digiri na uku, kuma da maki wanda bai gaza 3.5 cikin 5 ba. Babu wanda ya fi wani daraja a cikinsu. Wanda ya san ofis ko kasuwa zai ƙare rayuwarsa, na farkon ya ishe shi, ya ma fi masa amfani. Amma wanda ke jin ƙaiƙayin koyarwa a jami'a ko aikin bincike, kada ya bi ayari kamar yadda na bi. Mai sakamako na daraja ta uku, ko mai babbar difloma, ko mai son sauya fanni, galibi sai ya bi ta PGD tukuna, kuma wannan ba abin kunya ba ne, shekara guda ce.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati akwai ƙarin magana. Kada ka fara karatu sai ka samu izini a rubuce, kwafinsa yana cikin fayil ɗinka. Hutun ƙaro ilimi da albashi ba a ba da shi sai ga wanda aka tabbatar wa aiki, wato bayan shekara biyu na gwaji, kuma sai kwas ɗin ya shafi aikin da kake yi, sannan ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi aiki na wani lokaci. Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa kana kawo takardar za a ɗaga ka. Daga mataki na 07 zuwa na 14, shekara uku-uku ake yi sannan a zauna jarrabawa, da mastas da babu. Na ga wanda ya ɓoye wa ofis ya yi rajistar karatu na cikakken lokaci, yana son ya riƙe albashi ya riƙe aji. Taura biyu ba ta taunuwa. Ya tashi da takardar tuhuma a ofis, da kwas uku da ya faɗi a makaranta.

A 2019 na koma na fara M.Sc. daga tushe, wannan karon da izini. Na kama ɗaki ciki da falo a wata unguwa bayan jami'a, a gidan haya mai mutum takwas, inda ɓeraye suka fi masu biyan haya yawa. Bincikena a kan yadda ƙananan manoma ke samun bashi ne, na raba takardun tambayoyi 300 a ƙauyuka shida, na tattaro su da ƙyar da jiɓin goshi, na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado. Na je gida hutun Salla na mako biyu. Da na dawo na jawo kwalin, sai na tarar wata ɓera ta haihu a ciki, ta yayyaga kusan kashi ɗaya cikin uku ta yi wa 'ya'yanta shimfiɗa. Ƙauyuka biyu sai da na sake komawa, da kuɗin aljihuna, ina ba mutane haƙuri su sake amsa tambayoyin da suka riga suka amsa. Washegarin dawowata na je wurin mai shayin bakin layi, wanda magensa ta haihu, na karɓo 'yar ƙarama fara mai ɗigon baƙi a goshi. Na sa mata suna Farfesa, saboda na lura ta iya zama a kan takarda tsawon lokaci ba tare da ta karanta ba. Iyayenmu farfesoshi a yi mini afuwa.

Wannan suna kuwa yana da tushe, kuma shi ya kawo ni ga abu na biyu. Mu duka muna zaɓen jami'a ne saboda sunanta, alhali wanda zai yanke shekarun da za ka yi mutum ɗaya ne, malamin da zai duba aikinka. Ni da kaina na roƙi a ba ni wani babban malami don sunansa ya yi tambari, ban san yana da ɗalibai fiye da ashirin a hannu ba, ga kwamitoci, ga tafiye-tafiye. Babi na biyu na kundina ya yi wata bakwai a teburinsa. Ba mugu ba ne, lokaci ne ba shi da shi. Abokina da aka haɗa da wani matashin malami wanda ba a san shi ba, ya riga ni fita da shekara guda. Saboda haka kafin ka sayi fom, taka ka je sashen da ƙafarka. Kada ka tsaya a ofishin shugaban sashe, can za a gaya maka komai lafiya. Nemi ɗaliban da ke zaune a ƙarƙashin bishiya da fayil a hammata, ka saya musu lemo, ka tambaye su shekara nawa suka yi, wane malami ne ke dawo da aiki cikin wata guda, yaushe rabon da a kira malamin waje. In ɗakin gwaji fanninka ke buƙata, ka ce a nuna maka injinan, ka tambaya ko suna aiki.

Sai kuma abin da ba ya hannun kowa a cikinmu. Ƙungiyar ASUU ta tafi yajin aiki a watan Maris na 2020, ga annobar korona, ba a dawo ba sai Disamba. A 2022 aka sake tafiya daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata 17 ke nan a cikin karatun mutum ɗaya, kuma kuɗin haya bai tafi yajin aiki ba. Duk mai shirin karatu a jami'ar gwamnati ya yi lissafin kuɗinsa da ƙarin shekara guda a kai. Masu hangen ƙasar waje kuma su tuna cewa dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, har wasu suka dawo ba su gama ba. A nemi tallafi tukuna. Chevening na Ingila yana neman wanda ya yi aiki na shekara biyu, PTDF ya fi karkata ga fannonin man fetur da makamashi, TETFund kuwa na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ma'aikacin ma'aikata irina ba ya ciki. Kuma a yi hattara da digirin sha-yanzu-magani-yanzu. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida.

A waɗancan watanni na zaman jira, gidan hayarmu ya watse, saura ni da wani tela. Ba zan ɓoye muku ba, akwai lokacin da na tattara takardun na ce na haƙura. Mutum ya wuni bai yi magana da kowa ba, ya kwana yana lissafin sa'o'insa da suka yi gaba. Abin da ke tashe ni da asuba in fita kasuwa shi ne akwai wata halitta da ke zaune a bakin ƙofa tana jiran kan kifi, ba ruwanta da ASUU. In na fita kuwa sai in ga mutane, in dawo in buɗe littafi. Don haka idan ɗalibi mai zaman kaɗaici ya tambaye ni ko ya ajiye kyanwa, ba zan hana shi ba. Amma zan gaya masa abin da ban sani ba lokacin da na ɗauko tawa a cikin kwalin sabulu.

Kyanwa takan yi shekara 12 zuwa 15 in ta samu kulawa, karatunka kuwa biyu ne ko uku. Tun ranar farko ka san inda za ta in ka gama, ka kuma tambayi mai gidan haya, ka samu maƙwabcin da zai ciyar da ita in ka tafi tattara bayanai. Ita mai cin nama ce, tuwo da ragowar shinkafa ba sa riƙe ta, kuma madarar shanu da muke ɗauka gata ce takan sa mata zawo. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka a rage zuba mata miya. Tana buƙatar tasa da yashi mai tsabta, da maganin tsutsar ciki, da allurar rigakafin ciwon haukan kare tun tana wata uku, domin kyanwa ma tana ɗauka tana kuma ba mutum. Mace mai juna biyu kada ta riƙa kwashe kashinta, akwai cutar da ke iya taɓa ɗan da ke ciki. In maƙwabta suna sa gubar ɓera, ka sani ɓeran da ya ci guba yana iya tafiya da kyanwar da ta ci shi. Sannan ga haihuwa. Tun tana wata biyar ko shida muzurun unguwa za su fara yi maka sallama cikin dare, cikinta mako tara ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Farfesa ta haifa mini huɗu a cikin akwatin kayana, a kan babbar rigar da na tanada don ranar kare kundi.

Ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya kamu da mura, ya daina cin abinci. Ina tsakiyar gyaran babi na huɗu, na ga zuwa asibitin dabbobi zai cinye mini wuni, sai na ɓantari kwatar farasitamol na jiƙa na ɗura masa, ina ganin taimako na yi. Kafin asuba fuskarsa ta kumbura, dasashinsa ya koma ruwan ƙasa, yana numfashi da ƙyar. Ya mutu a kan hanya, a cikin hulata. Likitan da na kai wa gawar ya ce hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ɗan kaɗan ya isa ya kashe babba balle jariri. Bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaye ni me nake karantawa. Na ce digiri na biyu. Ya ce, "Kuma ba ka tambaya ba?" Ban taɓa jin kunyar ilimina irin ta ranar ba. A wurinsa na bar uwar aka yi mata aikin tsayar da haihuwa, sauran ukun kuma na raba su ga mutanen da na sani bayan sun yi wata biyu. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi, kuma da wuya a rasa asibitin dabbobi na gwamnati a babban birnin jiha.

Na kare kundina a 2023, cikin aron riga. Farfesa tana nan, ta shekara shida, ta bi ni gidan da na yi aure, inda maiɗakina ta ce ba za ta zauna da mage ba, yanzu kuma ita ke tuna mini ranar allura.

Malam Shugaba, ina da roƙo ɗaya kafin in zauna. Na ƙirga a cikin kundin sunayenmu, tsofaffin ɗaliban makarantar nan da ke koyarwa a jami'o'i da kwalejoji sun haura talatin. Ina roƙon Sakatare ya fitar da sunayensu da fannoninsu a mujallarmu ta baɗi, da yardarsu, domin duk ƙanenmu da zai sayi fom ya samu yayan da zai fara tuntuɓa. Akwai kuma likitocin dabbobi biyu a cikinmu, su ma a sa su a jerin.