Wanda Aka Ce A Maido Gida

'Yan'uwa matasa, maza da mata, ina so mu yi magana a kan marar lafiyar da likita ya ce a maido shi gida.

Bara aka maido kawuna daga Yamai, kansar hanta ta ci ƙarfinsa. Satin farko gida ya cika da masu sannu. Daga baya ƙafa ta ɗauke. Mutumin da ba ya rabuwa da rediyo ya kashe ta, ya juya fuska ga bango. Wata rana ina ba shi kunu ya ce mini: "Ɗana, an sayar da awaki saboda ni, mi na ƙare ku da shi?" Na ce ya yi haƙuri, na fita. Har yau abin na damuna, domin magana yake son yi, ni kuwa na rufe masa baki.

A jami'a a Maraɗi na gane cewa wannan ciwo ne mai suna, ciwon damuwa, kuma yana kama masu jinyar ajali sosai. Rama da ƙin abinci na iya zama aikin cutar kanta. Amma in mutum ya fi sati 2 babu abin da ke faranta masa, yana ganin kansa kaya ne a wuyan iyali, yana roƙon mutuwa, to a faɗa wa majo ko likita. Akwai magani. Kuma a nemi a rage masa zafin ciwo, don raɗaɗin da ke hana barci yana ƙara duhun zuciya.

Don Allah mu daina ce masa ba ya da tawakkali. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin Yusuf har ganinsa ya tafi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake ce mata a tarihin Manzon Allah (SAW). Wa zai ce imaninsu ya ragu?

Muna kwashe awa 3 a fada kan shayi, ko ba haka ba? Ina roƙon ƙungiya ta ware mutum biyu a kowace unguwa ta Dakoro, mata wajen mata, maza wajen maza. Ku je bayan la'asar, ku aje waya. In ya kawo zancen mutuwa, ko bashi, ko wasiyya, kada ku kauda maganar. Ku zauna ku ji. Mai son shiga ya ba sakatare sunansa kafin mu watse.