Matasanmu Tsakanin Almara da Tsofaffin Littattafai

Jawabin da aka gabatar a taron ƙarshen zango na reshenmu, gaban malamai da iyalansu



An ɗora mana nauyin yin magana a kan karatun matasa, wato 'ya'yanmu masu shekara 13 zuwa 19, waɗanda muke tsayawa a gabansu da safe a aji, mu koma gida da yamma mu tarar da irinsu. Kukan da aka fi ji a ɗakin malamai shi ne yaran yanzu ba sa karatu. Abin da idonmu ya gani ya ɗan saɓa wa wannan kuka. Da yawansu suna karatu, wasu har tsakar dare, sai dai abin da suke karantawa ba shi ne muka rubuta musu a allo ba. Yarinya tana bin labarin aljanin da ya auri 'yar mutum, shafi bayan shafi, a WhatsApp ko Wattpad. Yaro ya ɓoye littafin yaƙi da jarumta irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini a cikin littafin lissafi. Waɗanda Turancinsu ya nuna kuwa sun kai ga Harry Potter, labarin marayan da ya shiga makarantar sihiri, wanda ya fara fitowa a Ingila a 1997. Amma a miƙa wa ɗayansu Ruwan Bagaja ko Shehu Umar, nan take fuska ta canja.

Abin da muke son mu tabbatar a yau guda ɗaya ne. Matashin da ke son almara ya riga ya tsaya a ƙofar tsofaffin littattafanmu, domin su ma almara ce ta haife su. Aikinmu shi ne mu buɗe masa ƙofar. Idan muka kore shi daga bakinta, ba lallai ne ya sake dawowa ba.

Mu koma asali. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Shi East ya zaga garuruwa yana neman masu ilmi su gwada, ya kuma sha wuya kafin ya shawo kansu, domin a wancan zamani ana ganin ƙaga labari aikin mata da yara ne a dandali, bai dace da mutumin kirki ba. Ashe rainin da ake yi wa almara a yau tsoho ne. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da muke tinƙaho da su: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Ya kamata zauren nan ya tuna cewa Imam da yayansa Bello da Tafawa Ɓalewa duk malaman makaranta ne a lokacin, abokan sana'armu. An haifi Imam a 1911, ke nan yana da shekara 22 ya rubuta littafinsa yana koyarwa a Midil ta Katsina. Tsakaninsa da ɗalibanmu na ajin ƙarshe bai wuce 'yan shekaru ba.

To, mene ne a cikin waɗannan littattafai? Alhaji Imam ya bar gida neman wani ruwa mai warkarwa da ba wanda ya san inda yake, ya ratsa garuruwa yana ta ƙulle-ƙulle da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, bai kai ga ruwan ba sai da taimakon aljannu. Ganɗoki ya fara da yaƙin Turawa, wanda tarihi ne, daga nan ya zarce ƙasashen aljannu yana fafatawa. A Jiki Magayi saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa ya kutsa daji neman asirin ramuwa, kuma asirin ya ci. Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, aku ne ke riƙe ɗan sarki da labarai dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri, kuma Imam ya ɗebo yawancin labaran daga taskar Larabawa da Indiyawa da Turawa ya sa musu rigar Hausa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa asalinsa gwarzon almarar Rashawa ne. A 1969 Umaru Dembo ya kai wani yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Kafin duk waɗannan akwai Gizo da Ƙoƙi da Dodo, waɗanda kakanninmu suka raine mu da su. Wanda ya ce almara baƙuwa ce a adabinmu, bai karanta adabin ba.

Yanzu mu saurari abin da matasan ke faɗa game da tsofaffin littattafai, domin ra'ayinsu ya cancanci a auna shi, a karɓi na karɓa, a mayar da na mayarwa.

Sukan ce Hausar ciki tana da wuya. Akwai gaskiya a nan. Yaron da ya tashi a birni bai taɓa ganin lifidi ba, bai san zango na fatake ba, bai san matsayin Sarkin Zagi a fada ba. Duk shafin da ya buɗe sai ya ci karo da kalmar da ba ta cikin rayuwarsa. Sai dai mu lura, shi wannan yaron yakan haddace sunayen birane da takubba da matsafa na littafin jarumta, waɗanda babu su a duniya, ba tare da ya koka ba. Baƙuwar kalma ba ta hana shi tafiya idan labarin ya kama shi. Abin da yake bukata shi ne wanda zai karanta masa shafukan farko da murya, ya warware masa kalma biyu ko uku, har labarin ya riƙe shi da kansa.

'Yan matanmu kuma sukan ce ba sa ganin kansu a ciki. Wannan ma ba ƙarya ba ce. Marubutan 1933 duk maza ne, taurarinsu ma maza ne. Sai a 1980, da gasar kamfanin NNPC na Zariya, aka buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwahid, wanda ake lissafawa a matsayin littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Bayanta Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da wasunsu suka cika kasuwa, kuma mata suka zama ƙashin bayan masu karatu. Yarinyar da ta lura da wannan giɓi ta yi nazari ne na gaske, kuma yabo ya kamace ta. Bayan yabon sai mu nuna mata mahaifiyar Shehu Umar, wadda ta bar gida ita kaɗai neman ɗanta da aka sace har ita ma ta faɗa bauta, mu tambaye ta ko akwai wanda ya fi wannan mata jarumta a littafin.

Ra'ayi na uku shi ne wanda ya fi ciwo: sukan ce tsohon littafi na jarrabawa ne. Manhaja ta zo da shi, WAEC da NECO suna jiransa, jadawali kuma bai bar wa malami sararin da za a karanta shi don daɗi ba. Sai ɗalibi ya san jigo da zubi da salo na littafin da bai taɓa yi masa dariya ba. Wasu ma taƙaitaccen bayani kawai suke haddacewa ana gobe jarrabawa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Imam ya rubuta Malam Zurƙe ne don a yi dariya. Ɗalibin da ya rabu da shi bai murmusa ba, an yi masa ƙwange, ko da ya ci jarrabawar.

Inda ba mu yarda da matasan ba shi ne cewar tsoho ba shi da abin da zai faɗa musu. Littafin da ya shekara 90 ana buga shi ana sayarwa ya ci wata jarrabawa wadda labarin da aka ɗora a waya jiya bai zauna ba tukuna. Shehu Umar yana nuna wa yaro yadda bauta ta raba uwa da ɗa a ƙasar nan, abin da darasin tarihi ke wucewa a layi biyu. Jiki Magayi yana nuna masa inda ramuwar gayya ke ƙarewa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an bar mai ciwon ya ɗanɗana.

Iyaye da ke nan suna da damuwa, kuma ba za mu rufe ido a kanta ba. Littafin da aka buga a takarda yakan bi ta hannun wani kafin ya fito. Na waya kuwa kowa marubuci ne, kuma akwai masu cusa batsa don tara mabiya. Akwai rubutun da bai san bambancin ƙ da k ba, bai san inda ake raba kalma ba, har yaro ya kwaso wannan ya zuba a takardar jarrabawa. Akwai barcin da ake rasawa, a zo aji ana gyangyaɗi. Akwai kuma iyayen da labarin sihiri ke tayar wa hankali saboda addini. Duk waɗannan abin dubawa ne. Sai dai tarihi ya gwada mana maganin hani. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano. Marubuta ba su daina ba, masu karatu ba su daina ba, bayan 'yan shekaru kuma labaran suka koma cikin waya, inda idon uwa da na malami ba ya kaiwa. Littafin da ke kan tabarma ana iya ɗauka a duba. Wanda aka kora ƙarƙashin bargo ya fi ƙarfin mai tsawatarwa. Game da sihiri kuwa, yaron da ya san Gizo bai taɓa zama a garinsu ba yana iya bambance labari da aƙida, musamman idan babba ya zauna sun tattauna. Ƙwace littafi yana koya wa yaro ɓoyo ne kawai.

Saboda haka muna gabatar wa reshe waɗannan shawarwari.

Da farko, mu nemi hukumomin makarantunmu su ware darasi guda a mako na karatun ganin dama, inda ɗalibi zai zo da littafin da ya zaɓa, malami ya duba dacewarsa, shi ma malamin ya zauna da nasa littafin yana karantawa a gabansu. Yaro ya fi koyi da abin da ya gani a kan abin da aka gaya masa.

Na biyu, mu riƙa haɗa littattafai biyu-biyu. Wanda ya gama littafin jarumta a ba shi Ganɗoki, a ce ya faɗi wane jarumi ya fi, ya kuma kawo hujja daga shafi. Mai son labarin soyayya da aljannu a ba ta Jiki Magayi. Mai karanta Turanci a haɗa masa Harry Potter da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda labarinsa a Arewa ya faru. Yana da 'yancin ya ce sabon ya fi. Sharaɗin kawai shi ne ya faɗi dalili, domin daga kawo dalili nazari ke farawa.

Na uku, maganar ɗakin karatu ta shiga jerin bukatun da muke kai wa gwamnati, kusa da albashi da ƙarin girma da kujerun zama. A makarantu da yawa ɗakin karatu ya zama sito ko ofis, inda yake a buɗe kuma littattafan sun tsufa sun yage. Malamin adabi da ba shi da littafi kamar manomi ne da ba shi da fartanya, don haka wannan magana ce ta yanayin aikinmu. Kafin a amsa mana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kowane ɗan ƙungiya ya kawo littafi guda, mu haɗa akwatunan da za su riƙa zagaya makarantun reshe zango-zango.

Na huɗu, mu ƙarfafa masu son rubutu. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke gudanar da gasar Hikayata ta mata marubuta, kuma cikin 'yan matan da ke zaune a ajinmu akwai waɗanda za su iya kai wa can idan aka gyara musu ƙa'idar rubutu tun yanzu. Gasa ce ta fito da Imam, gasa ce ta fito da Hafsat Abdulwahid. Babu abin da zai hana reshenmu shirya tasa, ko da kyautar littafi ce da alƙalami.

Ga iyaye kuma, roƙonmu ƙarami ne. Idan kuka ga ɗanku ko 'yarku sun duƙufa a kan labari, ku ce su ba ku labarin da bakinsu. Cikin minti goma za ku san ko mai kyau ne ko gurɓatacce, su kuma za su san cewa karatunsu yana da daraja a gida. Daga nan sai ku ba su naku, wanda kuka karanta kuna kamarsu.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi yakan karya. Shekarun nan na ƙuruciya su ne lokacin da mutum ke zama mai karatu har tsufansa, ko ya rabu da littafi ranar da ya ajiye biron jarrabawar ƙarshe. Malaman makaranta na cikin waɗanda suka rubuta wa Hausa ƙagaggun littattafanta na farko, kuma amanar samar musu masu karatu tana hannunmu. Allah Ya ba mu ikon sauke ta, Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.