Daga Yamai Zuwa Jidda: Nisan Hanya Da Awoyin Tafiya

An ce mu yi bayani a kan tafiyar maniyyata, saboda gardamar da ta tashi a taron da ya wuce. Wasu sun ce kwana guda ake yi cikin jirgi, wasu sun ce awa uku. To, duka ba haka ba ne.

Tsakanin Yamai da Jidda, in an bi sama miƙe, wajen kilomita 4000 ne. Jirgi yana cin kamar 800 a awa, in an haɗa da tashi da sauka, awa 5 da rabi ke nan. Don ku gane, daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, mota tana wuni a kai, jirgi kuwa awa guda da ƴan mintoci ya shafe ta. Miƙaƙƙiyar hanya ta kan Cadi da Sudan take bi, ta ƙetare Bahar Maliya. Amma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023, an rufe samaniyar ƙasar, jirage suka dinga zagaye, tafiya ta ƙaru. Wanda kuma aka yanka wa tikitin da zai sake jirgi a wata ƙasa, shi kam yana iya kwana a hanya.

Ita hanyar nan kakanninmu suka taka da ƙafa da jakuna, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, bakin teku. Suna tafe suna noma da ƙodago don guzuri, a yi shekaru. Da yawa ba su komo ba, jikokinsu suna Sudan har gobe.

Abin da ke rikita mutane agogo ne. Jidda tana gabanmu da awa 2. In jirgi ya tashi ƙarfe 10 na dare, zai sauka ƙarfe 3 da rabi a agogon gida, can kuwa 5 da rabi ta yi. Ba jirgin ne ya makara ba. Ku na gida, kada ku tayar da hankalin tsofaffi don ba ku ji waya ba, bayan sauka akwai layin fasfo da jiran kaya.

Mu a ganinmu, awoyin sama su ne masu sauƙi. Lissafi daga ƙofar gida ake fara shi: daga ƙauye zuwa Maraɗi, daga Maraɗi kilomita 660 zuwa Yamai, sannan zaman jira a filin Diori Hamani, wanda ba mai iya ce muku ga iyakarsa. Saboda haka mai ciwon sukari ko hawan jini, maganinsa ya zauna a jakar hannu. In ya shiga babban akwati, ba zai sake ganinsa ba sai Jidda. Ƴaƴa, ku ne za ku duba wannan, kada ku bar wa tsoho.

Haka ma harami. Wanda zai wuce Makka daga Jidda, mikati a sama zai same shi, don haka mayafansa su kasance kusa. Wanda aka sauke Madina, sai Zulhulaifa zai ɗaura. Sauran hukuncin na malamai ne, ga Liman nan zaune. Ku tambayi wanda ya yanka muku tikiti garin da za a sauke ku, ku kawo wa magatakarda amsa kafin Juma'a. Wassalam.